Jawabin Maraba ga Daraktan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kaduna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli. Dagaci, masu unguwanni, limamanmu, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, matasa, ina gaishe ku. Yallaɓai Darakta, a madadin mutanen wannan unguwa ta gindin Dutsen Kufena, muna yi maka barka da zuwa, kai da jami'anka. Sannunku da hanya, sannunku da ƙura.

Ka zo a kan gaɓa. Ruwan sama ya ɗauke tun Oktoba, ba kuma za mu sake ganinsa ba sai wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu. Tsakanin nan iskar hunturu ce daga arewa maso gabas, sai zafin bazara ya biyo baya. Ciyawar da ta kai ƙugu da damina yanzu in ka taka ta sai ta ce ƙaras.

Yallaɓai, iyayenmu a cikin ganuwa suka zauna, daji na can nesa da su. Mu kuwa gari ya tumbatsa, ya turo mu bayan Ƙofar Kuyambana har muka iso nan. Katangar gidana ta baya, gonar dawa ce ke jingine da ita. Daga gona sai daji.

Bara war haka, bayan la'asar, yara masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta can wajen duwatsu. Babu wanda ya ɗaga kai, tunda kowace shekara haka ake yi. Harshen wutar bai ma iso unguwa ba. Tartsatsi ne iska ta ɗauko, ta tsallake hanya da shi, ta ajiye a kan harawar wake da maƙwabcina ya jibge a saman rumfa. Daga harawa sai dangar kara, daga danga sai rumbu. Na ga dattijon nan tsaye da bokiti ɗaya a hannu yana kallon noman shekara guda yana ci. Rijiyarsa ta ja baya, guga sai laka yake ɗebowa. Allah ya kiyaye rai, amma awakinsa biyu da ke ɗaure a turke ba su fita ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Agustan 2023, a garin Lahaina na jihar Hawai a Amurka, wuta ta tashi a busasshiyar ciyawar bayan gari, iska ta koro ta cikin gidaje, sama da mutum 100 suka rasu. Can a lokacin zafinsu wutar ta tashi, mu tamu da rani take tashi, amma ciyawa da iska duk ɗaya. Masu kashe gobara a can suna ba mai gida shawarar ya share duk abin da wuta za ta ci har ƙafa 30 kewaye da gidansa. In mai motocin ruwa da jiragen sama ya koma ga fartanya, ina ga mu? Gemun ɗan'uwa ya kama, mun shafa wa namu ruwa.

Bana mun yi gayya. Matasa sun nome bayan unguwa, sun bar fili fetal tsakanin gonaki da gidaje. An sauko da harawa daga kan rumfuna, an nisanta karan dawa da itacen girki daga jikin ɗaki. Liman ya yi huɗuba kan kaskon garwashi da ake kwana da shi don jin ɗumi. Abin da ya gagare mu shi ne jarkar fetur ta janareta da babur, wadda har yau wasu ke ajiyewa a ƙarƙashin gado. Mu mun faɗa har mun gaji, wataƙila in sun ji daga bakin mai kaki su ɗauka.

Roƙonmu bai da yawa. A turo mana jami'i ya koya wa matasanmu yadda ake tarar wutar daji, da irin wutar da ba a zuba wa ruwa, kamar ta fetur da ta lantarki. Mata su ma a zauna da su kan tukunyar gas, don su ne a madafa. Sannan a ba mu lambar ofishinku na Zariya, mu rubuta a bangon masallaci kusa da lambar kiran gaggawa ta 112. Laifin da ke wuyanmu ma ba za mu ɓoye ba: akwai lungunan da muka cinye da gini har motarku ba za ta iya shiga ba. Muna so ka gani da idonka, ka faɗa mana inda za a buɗe.

In an kammala jawabai, Dagaci zai zagaya da kai bayan unguwa, tafiyar ba ta da nisa. Kafin nan ga ruwa, ga fura iyayenmu mata sun dama. Bismillah, Yallaɓai.

Wassalamu alaikum.