Yadda ake dafa naman sa a silo kuka har ya dagargaje

Assalamu alaikum 'yan uwa, uwargida da amarya barkanmu da warhaka, daga nan Agege nake magana. Yau naman sa za mu dafa a tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, silo kuka, wadda da yawanku an saka muku a kayan gara ko kun saya a Alaba kun ajiye a saman kabad tana shan ƙura. Wasu sun ce min duk bidiyon da suka buɗe na Turawa naman alade ake dafawa a ciki shi ya sa suka share ta, to ai tukunya ba ruwanta, su kafaɗar alade suke sawa saboda tana da kitse da jijiya, mu ma muna da irin wannan yankin a jikin sa.

Kafin komai juya tukunyar ki duba gindinta. Idan tokumbo ce daga Amurka za ki ga an rubuta 120V, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce, kina jona ta kai tsaye za ta ƙone, sai kin haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Ta Ingila ba matsala.

Sai nama, nan ne maganar take. Don Allah kar ki je ki sayo tsoka zalla mai laushin nan mai tsada, asarar kuɗi ce, bushewa za ta yi ta zama zare-zare ba daɗi. In kin je kwatar Oko-Oba ko wurin mahaucin unguwarku ki ce masa, Malam kwauri nake so, ko ƙirji, ko kafaɗa, ko jelar sa in da hali. Wannan farar jijiyar da muke tsaki a kanta, ita ce idan ta daɗe a zafi kaɗan-kaɗan take narkewa ta koma romo mai kauri mai danƙo a leɓe, shi ya sa in romon ya huce a firji za ki ga ya daskare yana rawa. Ni kilo ɗaya da rabi na kwauri da ƙirji ne a gabana, na ce a yanka min manya-manya, kar a yi ƙanana.

Kuma ba a sa nama da ƙanƙararsa. In daga firiza ya fito ki sauko da shi firji tun dare ya saki, domin tukunyar nan a hankali take ɗaukar zafi, naman zai daɗe yana ɗumi-ɗumi kuma a nan ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa.

Na tsane ruwan jikinsa, na barbaɗa gishiri da masoro, ga kasko a kan gas da mai cokali biyu. Kun ji ƙarar? Kar ki cika kaskon, kar ki yi ta juyawa, bar shi ya yi ja sosai a gefe ɗaya sannan ki juya. Wannan matakin in kina sauri za ki iya tsallakewa, amma gaskiya ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Abin da ya kama a gindin kaskon kuma kar a wanke, zuba ruwa rabin kofi ki kankare ki juye a tukunyar.

Albasa manya biyu na yanka na shimfiɗa a ƙasa, nama a kai, sai jajjagen attaruhu da tattasai da citta da tafarnuwa, kanumfari guda uku kawai don yana da ƙarfi, daddawa kaɗan, dunƙule biyu. Daddawar gida nake nufi ta kalwa, in babu iru na Yarbawa da ake sayarwa a Mile 12 duk abu ɗaya ne, sai dai shi ɗanye ne, ki ɗauraye shi.

Yanzu ruwa, ku matso ku gani. Kofi ɗaya, shi ke nan. Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki ƙara tunda mun saba sai ruwa ya sha kan nama, a'a Hajiya, tukunyar nan ba ta ƙone ruwa, tururin yana taruwa a murfi ya koma ciki, ga albasa za ta kawo nata ga nama zai kawo nasa, in kin cika ruwa salam za ki samu romon. Kayan duka su tsaya tsakanin rabin tukunya zuwa kashi biyu cikin uku.

Rufe, murɗa zuwa Low, awa takwas. In kin sa High awa huɗu zuwa biyar, amma kwauri ya fi son Low. Kuma ki bar murfin nan ya huta, duk buɗewa ɗaya zafin da ya taru ya gudu, kin ƙara wa kanki kusan minti ashirin.

To ga matsalarmu ta Legas, wuta. Tukunyar ba ta ci da yawa, wat 200 zuwa 300 ne galibi, ko kusa da dutsen guga ba ta kai ba, inbata ko ƙaramin janareto zai ja ta. Amma in unguwarku ana ɗauke wuta ba ki da inbata, kar ki jona ki fita aiki ki shiga gosulo sai dare, ki dawo ki tarar da nama ɗumi-ɗumi ba ki san tun yaushe ta mutu ba, wannan naman zubarwa ne ko da bai yi wari ba. In kina gida aka ɗauke, juye a tukunyar gas ki ƙarasa. Juyewa fa na ce, kar ki ɗora kwanon tangaran da ke cikin silo kukar a kan wuta, fashewa zai yi, haka in yana da zafi kar ki zuba masa ruwan sanyi.

Af, masu son haɗawa da jan waken nan na kanti, ɗanyensa sai an jiƙa an tafasa shi sosai aƙalla minti goma a kan wuta kafin ya shiga nan, in ba haka ba yana sa amai da gudawa.

Ga wanda na ɗora tun asuba. Ku duba, cokali mai yatsu kawai na sa yana rabuwa, ba turmi ba taɓarya. Na kwashe man da ya taso sama, rabin naman zan bar shi a romo mu ci da burodin Agege, rabin kuma na yayyaga shi zan soya a kasko da ɗan mai da yaji a wuta kaɗan har ya bushe ya zama dambun nama. Gishiri sai yanzu za ki ɗanɗana ki gyara. Wanda ya rage ki raba a ƙananan robobi ya shiga firji kafin awa biyu, kar ki bar shi ya kwana a tukunyar.

Masu son dafa ƙafar sa da ganda kuwa, su lokacinsu ya fi haka, sai a darasi na gaba in Allah ya kai mu. Sai an jima.