Darasi: ɗaukar hoton tsuntsayen bakin ruwa da sassafe

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. To mu nan Damagaram ba mu da kogi irin na Yamai, amma muna da tafkuna, kuma in ka bi hanyar Gure ka wuce Mirya za ka tarar da tafkin Gidimuni, can tsuntsu ba a magana, musamman da sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da baƙin tsuntsaye na Turai suke sauka su haɗu da namu na gida.

Abu na farko, ka kwana kusa. Ana sallame asuba ka kama hanya, don a Disamba rana sai wajen 7 saura take fitowa, kana so ka riga ta zama. Ka zauna ta gabas da ruwan, rana a bayanka. In ka zauna ta yamma baƙaƙen inuwoyi kawai za ka kwaso.

In ka zauna sai ka saurara, fiton da za ka ji kirinjijiya ce, agwagwar nan mai farar fuska, garke-garke suke tashi suna fito. Wancan mai ƙara kamar ana buga ƙarfe kuwa zakaran ƙeƙuwa ne, shi ne ɗan sandan wurin, wallahi in ya hango ka a tsaye ya fara ihu to zalɓe da dinya duk sun watse. Shi ya sa ba a zuwa da farar riga, sa mai ruwan ƙasa, ka zauna ƙasa jikin kaba ko gindin dabino ka yi shiru minti 20, har ya manta da kai. Su balbela dai ba ruwansu, sun saba da mutane.

Mai kamera, tsuntsu mai tashi sai ka sa saurin ƙiftawar kamera a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamera, tunda haske bai yi ba tukuna, ka sa ido a kan idon tsuntsun. Mai portabul kuma don Allah bar jan zum ɗin nan, hoton fashewa yake, gara ka ɗauki bidiyo ka samu kukan, ai rabin daɗin a kunne yake. Ranar da hazo ya yi kauri kada ka wahalar da kanka da na nesa.

Ka gaida masu garka kafin ka ratsa musu albasa, kuma kada ka shiga ruwan da ƙafa, akwai tsargiya.