Kafin Ku Shiga Ɗakin Majinyata: Lacca Ga Ɗaliban Aikin Jinya

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta yi wa ɗaliban shekarar farko, ana saura mako guda a tura su asibiti koyon aiki.

Assalamu alaikum. Na can baya kuna jina? To madalla. 'Ya'yana, abu huɗu aka ce in yi muku magana a kai: wanke hannu, allura, tantance majinyaci kafin a ba shi magani, sai miƙa aiki idan an tashi.

Na farko, hannu. Na san abin da ke ranku. Wai mun baro gida, an biya mana kuɗin makaranta, don a koya mana wanke hannu? Mu da muke alwala sau biyar a rana? (Dariya.) Alwala ibada ce, Allah ya karɓa mana, amma ruwa zalla ba ya fitar da abin da kika kwaso a jikin robar fitsari. Ku saurara ku ji.

Wajen shekarar 1846, babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yana da ɗakunan haihuwa biyu. A ɗaya ake koyar da ɗaliban likita, a ɗayan ɗaliban ungozoma. A ɓangaren likitoci, kusan mace 10 cikin ɗari zazzaɓin bayan haihuwa ke kashewa, a ɓangaren ungozoma kuwa wajen 4 ne. Matan gari sun san da haka sarai. Mace za ta durƙusa tana roƙo kada a kai ta wurin likitoci, wata ma ta gwammace ta haihu a kan titi. Akwai wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, abin ya hana shi sakat. Babu abin da bai gwada ba. Har limamin cocin da ke zuwa yi wa masu gargara addu'a, sai da ya sa aka daina kaɗa masa ƙararrawa, ko tsoro ne ke kashe matan. Mutuwa ba ta ragu ba.

Sai a 1847, abokinsa Kolletschka yana cikin binciken gawa, wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa. Ya kwanta, bai tashi ba. Da aka duba gawarsa, abin da aka gani irin na matan nan ne sak. Nan Semmelweis ya gano bakin zaren: ɗaliban likita daga ɗakin gawa suke fitowa su sa hannu su duba mai naƙuda. Ungozoma ba ruwansu da gawa. Sai ya ajiye ruwan kulorin, ya ce ba mai taɓa mace sai ya wanke hannu a ciki. A watan Afirilu na shekarar, mace 18 cikin ɗari suka mutu. Aka fara wankin a watan Mayu, cikin 'yan watanni ya sauko wajen 2. Daga sha takwas zuwa biyu, jama'a! Ba sabon magani, ba sabon gini.

Kuna tsammani an karrama shi? Ina! Manyan likitoci suka fusata, wai an ce hannunsu ne ke kisa. A gidan masu taɓin hankali ya mutu a 1865.

Kada ku ce wannan labarin Turai ne. Zazzaɓin Lassa da kuke ji, sunan gari ne a jihar Borno ta yanzu, kuma a jikin 'yan'uwanku ma'aikatan jinya aka fara gano shi a 1969. Laura Wine, nas ce a asibitin mishan na Lassa, ta kamu, aka kawo ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta, ƙayar fure ce ta soke ta a yatsa, ta naɗe yatsan da ƙyallen wanke ciwo ta goge wa majinyaciyar baki. Ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, sai Amurka aka kai ta, Allah ya yi da sauran kwananta. Shekara ta zagayo, likitarsu Jeanette Troup ta yanke a wurin binciken gawa, ita ma ta rasu. Kun ga yankan nan? Wanda ya kashe Kolletschka ne, bayan shekara ɗari da ashirin da ɗoriya. Saboda haka duk mai ɗan ciwo a yatsa, ko kumba ce ta tsage, a rufe da filasta kafin a fara aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara lokaci biyar na tsaftace hannu. Ku rubuta, zai fito a jarrabawa. Kafin taɓa majinyaci. Kafin aiki mai buƙatar tsafta, kamar sa kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya, ko wankin ciwo. Bayan taɓa jini, fitsari, amai da makamantansu. Bayan taɓa majinyaci. Sai bayan taɓa abin da ke kewaye da shi, gado ne, zanin gado ne, sandar ƙarin ruwa ce, ko da ba ki taɓa shi kansa ba. Na ƙarshen nan kowa ke mantawa. Man tsaftace hannu, daƙiƙa 20 zuwa 30. Sabulu da ruwa, 40 zuwa 60. In ana ganin datti a hannu, ko majinyacin gudawa yake, sai sabulu da ruwa. A shiga tsakanin yatsu, a murza babban yatsa, a goge kan yatsu a tafin hannu. Zobe, agogo, awarwaro, farcen kanti, duk a bar su a gida. Lalle ba laifi, amare ku kwantar da hankali. (Dariya.) Tawul ɗin nan da ke rataye tun safe kowa na gogewa da shi, gara ki bar hannunki ya sha iska. In famfo ya ɗauke, bokiti mai famfo ya wadatar, wanda ake ce wa bokitin Veronica, wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana ce, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwano ɗaya kowa na tsoma hannu.

Sai safar hannu, wadda ta fi komai ba ni haushi. Za ka ga yarinya ta sa safa tun ƙarfe takwas. Da ita ta ɗaye bandeji mai mugunya a gado na uku. Waya ta yi ƙara, ta zaro daga aljihu. Ta ɗauki biro ta yi rubutu a fayil, ta gyara ɗankwali, ta wuce gado na huɗu ta taɓa kanular jariri. A ranta ita mai tsafta ce, tunda fatarta ba ta taɓa komai ba. Kamar mai ƙosai ce da ke karɓar kuɗi da hannun da take ɗiban ƙullu. Safa ɗaya, majinyaci ɗaya, aiki ɗaya. A cire, a jefar, a wanke hannu, domin safa na hujewa ba ki sani ba. Na sake faɗa: a cire, a wanke hannu.

Na uku... a'a, na biyu ko? Lokaci ya tafi, bari in yi sauri. Allura. Kada a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, a nan aka fi sokewa. A jefa cikin kwalin allura nan take, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. In ta soke ka, ka wanke da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ban da tsotsa, ban da matsewa, ka faɗa wa sista mai kula da ɗakin a lokacin. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma da wuri ya fi. Kowa ƙanjamau yake tsoro, alhali haɗarin ɗaukarsa daga allurar mai cutar wajen 3 ne cikin dubu, na ciwon hanta nau'in B kuwa yana iya kai 30 cikin ɗari. Shi kuma yana da rigakafi, allura uku.

Tantance majinyaci. Masu suna Aisha ku ɗaga hannu. Kun gani? Bakwai a aji ɗaya. Haka ɗakin mata yake. Lambar gado ba suna ba ce, ana sauya wa mutum gado da dare. Kada ki ce "Ke ce Aisha Musa?", mai zazzaɓi komai kika ce "eh" za ta ce. Ce mata "Baba, yaya sunanki?", sannan ki duba lambar katinta. Na'am, akwai tambaya a baya?

Ɗaliba: Malama, to idan likita ne da kansa muka ga bai wanke hannu ba? Mu ɗalibai ne, muna jin nauyi.

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan ce tambayar. An rene mu a kan kada a gyara wa babba magana, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ba a gaban buɗaɗɗen ciwo ba. Ba sai kin yi masa wa'azi a gaban mutane ba. Ɗauko kwalbar man, ki miƙa, ki ce "Likita, bismillah." Da wuya ki ga wanda zai ƙi buɗe tafinsa. Haka in ya ba da umarnin magani da baki, maimaita masa: "Ranka ya daɗe, miligiram kaza ka ce, sau kaza a rana?" In rubutun bai karantu ba, ban da cinta, a koma a tambaya. In kin yi magana ba a saurare ki ba, sai sista mai kula da ɗakin, aikinta ke nan.

Ku tuna Dakta Ameyo Adadevoh a Legas, 2014. Wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, aka matsa mata lamba ta sallame shi ya tafi taro, ta ce ba inda za shi. Ita cutar ta kashe ta, tare da wasu abokan aikinta, ciki har da nas. Amma abin ya tsaya a mutum 20 a faɗin Najeriya, aka rasa 8, duk da ya ɓulla a gari mai miliyoyin mutane. Ku kwalbar mai kawai aka ce ku miƙa.

Miƙa aiki ban taɓo shi ba, sai ranar Laraba in Allah ya kai mu. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta ba, ya tsaya ya ba wakilin aji sunansa kafin ya fita.