Ɗakin Bautar Thian Hock Keng: Ginin da Ake Kwancewa a Sake Ɗaurawa

Jama'a barkanmu da war haka. Yau za mu duba ɗakin bauta na Thian Hock Keng da ke titin Telok Ayer a Singafo. 'Yan Hokkien, baƙin da suka zo daga lardin Fujian na ƙasar Sin, su suka gina shi tsakanin 1839 da 1842 don Mazu, wadda a addininsu na gargajiya ita ce mai tsare matafiya a teku. A lokacin titin a bakin ruwa yake, sai daga baya aka cike gaɓar da ƙasa. Attajiri Tan Tock Seng na cikin manyan waɗanda suka ba da kuɗi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne babu ƙusa a ƙirarsa ta asali. Ana feƙe kan azara, a huda ginshiƙi, a zura wannan cikin wancan, nauyin rufi ya danne su. Ginshiƙan katako kuma kan dutse suke zaune, don kada laimar ƙasa ta hau su. Saboda haka in gyara ya zo, a irin wannan gini, ana sa wa kowane katako lamba, a sauke, a yanke inda ya ruɓe a yi masa ƙari, a mayar. Ba a jefar da azara sukutum don bakinta ya lalace.

Ɓarna kuwa daga sama take farawa. Tayil ɗaya ya tsage, ruwa ya samu hanya, katako ya jiƙe, sai gara ta shigo. Ita gara ciki take ci ta bar fenti lafiya lau, shi ya sa ake ƙwanƙwasa katako a saurari amonsa. Wanda ya toshe yoyo da siminti ya ƙara ta'azzara lamarin, domin siminti yana kulle danshi. Farar ƙasa ce ke barin gini ya sha iska.

Sai adon tsororuwar rufi, dodannin nan masu kama da maciji. Kwanukan tangaran masu launi ake yankawa da filaya, a kakkafa gutsattsarin kan kwaɓin farar ƙasa da aka shafa a jikin waya. In ruwa ya kai ga wayar, ta yi tsatsa ta kumbura, adon ya fashe daga ciki.

An ayyana ginin kayan tarihin ƙasa a 1973. Babban gyaran 1998 zuwa 2000, masu sana'a daga Fujian aka ɗauko, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yaba wa aikin a 2001. Abin da ya fi burge ni, ba su cire tayil ɗin Turai da ƙofar ƙarfe ta birnin Glasgow na Scotland da aka ƙara a 1906 ba, ko da yake ba ƙirar Sin ba ce. A wannan gyaran ne kuma aka sauko da rubutun da Sarki Guangxu na ƙasar Sin ya aiko a 1907.