Tsakanin wuya da wahala: lacca a kan tsofaffin wasannin kwamfuta

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a zauren taro, an rage maimaicin magana.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. Na lura wasu sun yi murmushi da aka karanta taken laccar nan, wato babba da furfurarsa zai tsaya yana maganar gem. To, a yi haƙuri da ni.

A hutun da ya wuce na ɗauko wasannin da na buga ina saurayi, na sake buga su ta DOSBox, wata manhaja ta kyauta da ke sa kwamfutar yau ta yi aiki irin ta zamanin DOS, tsohuwar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. So nake in gane ko daɗin da nake tunawa na wasan ne, ko kuwa na ƙuruciya ne kawai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma na tarar wata zumar ta daskare, sai an sha fama kafin cokali ya shiga.

Abin da na fito da shi kalmomi biyu ne, wuya da wahala. Wuya ita ce wasa ya sa ka dafe kai kana tunani. Wahala kuwa ita ce ka riga ka san abin da za ka yi, amma na'ura ta hana hannunka isar da saƙon. Wuya ba ta tsufa. Wahala ce ke tsufa, kuma mummunan tsufa.

Ku ɗauki Dune II, wanda kamfanin Westwood ya fitar a 1992. Duk wasan da kuka sani na gina sansani, tara dukiya, ƙera tankoki a afka wa abokin gaba, daga gidansa ya fito. Amma a cikinsa soja ɗaya tak kake iya zaɓa a lokaci guda. In kana da tanka ashirin, sai ka danna ta farko, ka ba ta umarni, ka nuna mata wuri, ka koma ta biyu. Kafin ka kai ta ashirin an gama da ta farko. Warcraft na 1994 ya bari ka zaɓi huɗu, StarCraft na 1998 ya kai goma sha biyu. Na yi minti arba'in a Dune II na kashe, wuyan hannuna na ciwo. Ina girmama shi yadda ake girmama kaka, amma ba zan ce wa ɗalibi ya ɓata daren Asabar a kansa ba.

Wasannin da kake shiga rigar wani gwarzo ka bi labari, su ma akwai nasu. Wizardry na 1981 ba ya nuna maka taswira. Takardar giraf ta lissafi za ka ajiye a gefe, duk taku ɗaya ka zana murabba'i ɗaya, in ka yi kuskure ka ɓata a cikin kurkuku, wato ramukan ƙarƙashin ƙasa da ake wasan a ciki. Pool of Radiance na 1988 kuwa, kana tsakiyar labari sai allo ya ce ka buɗe littafin da ya zo a kwali ka karanta sakin layi mai lamba kaza. Me ya sa? Babu wuri a faifai. DOS kilobait 640 yake ba manhaja ta yi aiki, faifan fulofi mai kyau megabait 1.44 yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar da ke aljihunka ba zai shiga ba. Saboda haka rabin wasan yana kan takarda. Yaron da ya sauke shi yau babu littafin, ya ce wasan banza ne, bai yi masa adalci ba, rabi aka ba shi.

Bari in ɗan daɗe a kan Ultima IV, na Richard Garriott, 1985, don shi ya fi ba ni mamaki. Babu wani azzalumin sarki da za ka kashe a ƙarshe. Aikinka ka gyara halinka ta fuska takwas, ciki har da gaskiya, tausayi, jarumta, adalci da tawali'u. Akwai makauniya mai sayar da kayan haɗa sihiri. Za ta faɗi kuɗi, kai za ka rubuta abin da ka ba ta. Kana iya ba ta ƙasa da haka, ta karɓa ta yi godiya. Allo ba zai ce maka komai ba, amma wasan ya rubuta. Can gaba, ka je neman ɗaukaka, a ce maka gaskiyarka ba ta cika ba. Jama'a, shekara arba'in ke nan, kuma wasanni kaɗan ne na yau, da duk kuɗin da ake zuba musu, suka iya wannan shirun. Yawancinsu da ka yi ha'inci sai jan rubutu ya fito a kusurwa yana sanar da kai an rage maka maki. Amma tafiyar cikinsa da yaƙe-yaƙen da ba sa ƙarewa, wannan wahala ce zalla. Ran wasan matashi ne, jikinsa ya tsufa.

Wanda ya hana ni barci shi ne X-COM na 1994, aikin Julian Gollop a Ingila. Kana jagorantar rundunar da ke kare duniya daga baƙin halittu na wata duniyar, ƙasashe 16 ne ke ba ka kuɗi duk wata, kuma in kun duba jerin za ku ga Najeriya a ciki. In ba ka kare ƙasa ba, ta rage kuɗinta ko ta janye gaba ɗaya. Kowane soja yana da ƙayyadadden lokacin motsi. In ya ƙarar da shi wajen tafiya, ba shi da na harbi. Ga duhu, ga ƙofar rumbu a rufe, ba ka san abin da ke bayanta ba. Kuma wanda ya mutu ya mutu. Hotonsa ɗigo 320 ne a faɗi, 200 a tsaye, fuskar soja ba ta fi ƙwayar wake ba, amma gabana faɗuwa yake kafin in buɗe ƙofar nan. Wannan ita ce wuya. Ɗan abin da ke cikinsa na wahala, masu sha'awa sun gyara a wata manhaja da suka kira OpenXcom.

Civilization na Sid Meier, 1991, wasan gina daula, ba sai na ja ba. Ka fara da ayari ɗaya a shekara ta 4000 kafin Miladiyya, ka ce zagaye ɗaya zan ƙara in kwanta, sai ka ji kiran assalatu. Yana da abin dariya, mai mashi kan nutsar da jirgin ruwan yaƙi wani lokaci, amma tambayarsa tana nan: rumbu zan gina ko soja? Af, a fitowa ta bakwai ta wannan wasa, ta 2025, Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da ake zaɓa. Age of Empires II na 1999 har gobe ana gasarsa, kuma a 2015 an ƙara masa daular Mali da Habasha.

In kuna son ku gane dalilin, ku tuna dara. Ramuka ne a ƙasa, da kara da tsakuwa. Wa ya taɓa cewa dara ta tsufa don tsakuwarta ba ta sheƙi? Shi ya sa Rogue na 1980, wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, kai alamar @ ce, dodanni kuma haruffa, ya fi wasannin da suka zo bayansa da shekara goma sha biyar riƙe ƙarfinsa. Duk shiga sabon kurkuku ne, mutuwa ɗaya ce, kuma sunansa ya zama sunan wani jinsi guda na wasanni da ake ta ƙerawa har yanzu.

Matsalar ita ce samunsu. Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Sa'armu, da yawa daga waɗanda na ambata suna GOG, wani shagon wasanni na intanet, da araha, Ultima IV ma kyauta ne a can, kuma tsohuwar laftof ɗin da kuka jingine za ta ɗauke su, ba sa cin data.

Wanda zai gwada, ya fara da X-COM, ya karanta littafinsa tukuna. Wasan yana bari ka canza wa sojoji suna. Ni na sa musu sunayen abokan ajinmu, a fita ta biyu aka kashe wanda ya yi min babban aboki ranar aurena, kwana biyu ina jin nauyin ɗaga wayarsa. (Dariya.) Shugaba, na ga ana nuna min agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.