Amsoshin Tambayoyinku: Su waye 'yan Viking, kuma wa ya taka musu birki a Ingila?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙon farko yau daga Damagaram ya fito, wani bawan Allah ne yake cewa don Allah su waye 'yan Viking ɗin nan da ake cewa sun addabi Ingila, kuma da gaske ne ba wanda ya iya ja da su?

To ɗan'uwa, mutanen Denmak ne da Nowe da Suwidin, gwanayen tuƙa jirgin ruwa, wasu fatake wasu kuma mahara. Harin da ya girgiza kowa shi ne na shekarar 793, da suka dira a tsibirin Lindisfarne inda akwai gidan ibadar Kiristoci, suka kashe masu ibada, suka kwashe kayan zinare da azurfa, wasu kuma suka tafi da su bayi. Sirrin abin fa jirginsu ne, dogo mara nauyi, yana ratsa teku kuma ya kutsa cikin kogi ko da ruwan ba zurfi, kafin a yi gangami a tara mayaƙa sun gama ta'asa sun juya.

A 865 kuwa abin ya wuce sata, babbar runduna ce ta sauka da niyyar zama. Lokacin Ingila ba dunƙule take ba, masarautu ne na Angulo-Saksan, wato mutanen ƙasar na wancan zamani, kowa da sarkinsa. Suka ci birnin Yok a 866, suka kashe Sarki Edmund na gabas a 869, ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura Weseks ta Sarki Alfred.

Shi ma Alfred ɗin da ƙyar ya sha wallahi. A watan Janairun 878, ana tsakiyar hunturu, jagoran 'yan Viking Guthrum ya mamaye shi a Chippenham, dole sarki guda ya gudu cikin fadamar Athelney da 'yan tsirarun mutane, daga nan yake aika saƙo a ɓoye har jama'a suka taru, a watan Mayu aka gwabza a Edington ya yi musu kaca-kaca. Guthrum ya miƙa wuya, ya karɓi Kiristanci, daga baya aka shata iyaka, arewa da gabas suka zama na 'yan Denmak.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ya yi bayan yaƙin. Ya gane cewa matsalar ita ce saurin maharan, sai ya sa aka gina garuruwa masu ganuwa sama da 30, irin dai yadda ganuwar Kano take tsare jama'a, ta yadda talaka bai fi tafiyar wuni ɗaya ba ya samu mafaka. Mayaƙansa kuma manoma ne, da girbi ya zo sai su watse, to sai ya raba su gida biyu, rabi na fagen daga rabi na gona, suna karɓa-karɓa. 'Yarsa ma, Aethelflaed, ita ta ƙwato garin Derby a 917.

Sai wata 'yar'uwa daga Kumasi, ta ce ta ji wai kuɗi aka riƙa ba su don su tafi. Haka ne Hajiya, musamman zamanin Sarki Aethelred na Ingila. Bayan an ci mutanen Ingila da yaƙi a Maldon a 991, an ba maharan azurfa mai nauyin fam 10,000. Suka tafi, suka dawo. A 994 aka ba da 16,000, a 1002 aka ba da 24,000, zuwa 1012 ya kai 48,000, kuma daga gumin jama'a ake tatsowa, abin tausayi ne ƙwarai. A 1016 Cnut ɗan Denmak ya hau gadon sarautar Ingila baki ɗaya.