Kafin guguwa ta ƙwanƙwasa ƙofa: jawabi a taron ƙungiyarmu ta Houston

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da zuwa. Kwamitin walwala ne ya ɗora mini nauyin yin magana kan lokacin guguwa, wanda a nan yake kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Da gangan muka kawo zancen tun cikin Afrilu.

Abu ɗaya nake roƙon kowa ya tafi da shi gida: inshorar gidan da kake biya ba ta ɗaukar ɓarnar ambaliya. Idan iska ta yaye rufi, ruwan sama ya zubo ta sama, wannan wata magana ce. Amma idan ruwa ya taso daga titi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ko sisi ba za su ba ka ba, sai in ka yanki inshorar ambaliya ta daban.

Waɗanda suke nan a watan Agustan 2017 ba sa bukatar a ba su labarin guguwar Harvey. A garin Nederland da ke gabas da mu an auna ruwan sama sama da inci 60 cikin 'yan kwanaki, abin da ya fi ruwan da Kano ke samu a damina guda. Matasanmu sun shiga gidajen 'yan'uwa da safar hannu da takunkumi, suna yanke bango daga ƙasa zuwa ƙugu saboda ya jiƙe, suna jan kafet mai wari suna tarawa a bakin titi. Na ga wata baiwar Allah tana shanya takardun makarantar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a kan bonet ɗin mota. Mafi yawan gidajen da ruwa ya ci ba su da inshorar ambaliya, kuma da yawansu ba sa ma cikin yankin da taswirar gwamnati ta ce akwai haɗari. Wasu ruwan bai same su ba sai da aka buɗe madatsun Addicks da Barker. Saboda haka kada wanda ya ce mini, "Ai unguwarmu tudu ce." Houston shimfiɗaɗɗiya ce.

Inshorar ambaliya, galibi ta NFIP ce, shirin inshorar ambaliya na gwamnatin Amurka wanda hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa, kuma wakilin inshorarka zai iya yankar maka. Ga inda gizo ke saƙar: in ka biya yau, a mafi yawan lokuta sai bayan kwana 30 take fara aiki. Wanda ya bari sai ya ga an zana guguwa a talabijin tana dosowa, ya makara. Iyakar abin da take biya dala 250,000 ne a kan ginin, dala 100,000 a kan kayan ciki, kuma kowanne daban ake yankarsa. Masu haya, inshorar mai gida ta bangonsa ce, ba ta san da katifarku ba; kuna iya yankar ta kayan ciki kaɗai, kuma ba ta da tsada kamar ta gini.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Shirin ba ya biyan tsabar kuɗin da aka ajiye a gida, su sarƙa da 'yan kunne kuwa abin da yake biya a kansu bai wuce dala 2,500 ba. Kuɗin adashi da gwal a kai su banki. Sannan a ɗauki waya a zagaya ɗaki ɗaki ana bidiyo, a buɗe kowace durowa, a nuna atamfofi da leshi da keken ɗinki, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari ya ajiye. Ranar neman diyya hujja ake tambaya.

Sai shafin farko na takardar inshorar gida. A nemi layin da ya faɗi kason da mai gida zai fara biya daga aljihunsa idan ɓarnar iska ce. Sau da yawa kashi cikin ɗari na darajar gidan suke rubutawa. Gidan dala 300,000 mai kashi 2, dala 6,000 ke nan daga gare ka kafin kamfani ya taɓa aljihunsa. Kana da su a ajiye? 'Yan'uwanmu na Galveston da bakin teku kuma, ta yiwu ɓarnar iska ba ta cikin takardarku gaba ɗaya, sai ta TWIA, ƙungiyar inshorar ɓarnar iska ta jihar Texas. Mota ma haka: inshorar da doka ta tilasta ta wanda ka buge ce, ba ta biyan motar da ruwa ya shanye. Direbobinmu, da motar nan kuke ci da iyali.

Na san akwai masu ƙyamar inshora saboda addini, kuma ba na raina wannan. Ni ba malami ba ne. Ga malamanmu nan zaune, a je a tambaye su a tsanake. Amma a yi tambayar a wannan makon, kada a bari sai ruwa ya kai gwiwa. Tallafin FEMA bayan bala'i ba ya sake gina gida, asusun ƙungiyar nan kuwa, kamar yadda kuka ji a rahoton ma'aji, ba zai iya ba.

Da yawanmu kan tafi gida hutu da yara daidai lokacin da guguwa ke tasowa. Wanda zai tafi ya bar makulli da kwafin takardunsa a hannun amintacce. Fasfo, katin zama, takardun haihuwa, a zuba su cikin leda mai zif a ɗora a sama.

Guguwar Beryl ta 8 ga Yulin 2024 ta koya mana cewa ko gida bai jiƙe ba, ana shan wuya. Gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 suka rasa wuta cikin tsananin zafi, wasu har fiye da mako. A tanadi ruwan sha galan guda ga kowane mutum a rana, da maganin hawan jini da na ciwon suga, da 'yan kuɗi a hannu. Mu mun saba da janareta tun daga gida, wannan sabawar ce ma take ba ni tsoro. Gidajen nan a toshe suke, hayaƙin ba shi da wari, kuma yana kashe mutane a cikin barci. Kada a kunna shi a gareji ko da ƙofa a buɗe. A waje, ƙafa 20 daga taga.

Batun barin gari, kowa ya nemi sanin lambar yankinsa a tsarin kwashe mutane, ya bi umarnin hukuma. A 2005, lokacin guguwar Rita, kowa ya fito titi lokaci guda, mutane suka rasu a cunkoson hanya. Mai tsoho ko marar lafiya a gida ya kira lambar waya 211 ya yi masa rajistar neman taimako tun yanzu.

Lahadi mai zuwa bayan azahar kwamiti zai zauna a wannan ɗakin. Kowa ya zo da shafin farko na takardar gidansa da ta motarsa, mu karanta tare layi layi. Mata za su zauna da mata. Na gode. Wassalamu alaikum.